Ruwan Zafi a Ƙwaƙwalwar Motar Ɗantsoho

Ana dab da kiran magariba Nu'uman ya fara tattara kayan aikinsa a garejin da ke bayan tashar Daura. Mai gyaran wayar mota ne, rewaya in ji direbobi. Tun da motocin Kwatano masu ƙwaƙwalwa suka cika gari, duk motar da ta ƙi tashi ba dalili wurinsa ake turo ta. Yana ɗaure jaka wayarsa ta yi ƙara. Ɗantsoho ne, mijin yayarsa Barakatu, direban haya tsakanin Daura da Zango.

"Injiniya, aikinka ya sake kwanciya."

"Aikina ko tuƙinka? Kana ina?"

"Hanyar Zango, wajen tafkin nan mai kuka. Ina tare da Ikilima, daga gidan kakarta na ɗauko ta." Numfashinsa na fita da ƙarfi. "Ka yi sauri don Allah."

Tun da Ɗantsoho ya auri Barakatu bai taɓa ce wa ƙaninta don Allah ba, kullum sai zolaya. Nu'uman ya rataya jaka ya hau babur.

A hanya tunanin motar yake yi. Ƙwaƙwalwarta wani ɗan akwatin ƙarfe ne a gefen inji, shi ke ba da umarnin mai da wuta, har makullan ƙofa da gilasai sai da yardarsa. Wayoyin mota duka suna shiga akwatin ta wani soket mai 'yan haƙoran tagulla sirara kamar allura. Ɗigon ruwa ya isa. Da ya shiga sai haƙoran su fara yin kore, saƙo ya daina wucewa, mota ta zama gawa alhali batirinta cike yake. Amma irin wannan tsatsa watanni take ɗauka kafin ta kama. A makon nan kaɗai Nu'uman ya kankare soket ɗin nan fes, ya shafe shi da giris, ya naɗe da tef, washegari aka dawo masa da shi kore shar kamar bakin rijiya. Ya sake, aka sake. Ga shi damina ta wuce, an yanke gero, rafuka sun ƙafe. Har faɗa ya yi wa surukin nasa a kan wankin inji, Ɗantsoho ya rantse rabonsa da ba da wankin inji tun kafin azumi.

To daga ina ruwan ke fitowa?

Ya hango motar a gefen titi, banet a buɗe, kukar na tsaye a kanta. Rana ta faɗi, saura ɗan ja a yamma. Da ya kashe babur ya ji shirun wurin ya yi yawa. Bakin tafki ne, amma ba kwaɗo, ba sauro, ba ko tsuntsu. Sai wani wari, irin na ruwan da aka fige kaza a ciki.

Ɗantsoho na tsaye a jikin ƙofar baya yana jan mariƙi.

"Fitowa na yi in buɗe banet, ƙofofin suka kulle kansu. Makulli na ciki. Ita ma tana ciki."

Ikilima, 'yarsa mai aji biyu a firamare, ta manna fuska a gilashi. Da ta ga kawunta ta yi ɗan murmushi.

"Hajiya ƙarama, danna maɓallin nan na gefenki."

"Na danna, Kawu. Ya ƙi."

"To zauna, yanzu zan yi masa duka ya ji magana."

Ya kunna tocila ya cije ta a baki, ya sunkuya cikin inji. Tef ɗinsa na nan yadda ya naɗe shi, ba wanda ya taɓa. Ya yanke. Ya zare soket.

Ruwa ya zubo masa a tafin hannu. Da ɗumi.

Ya taɓa kan inji. Sanyi ƙalau.

Ya cire tocilar daga baki ya haska haƙoran tagullar. Yana kallo koren ke tsirowa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana kumfa.

"Kawu." Muryar ta fito ƙasa-ƙasa ta cikin gilashi. "Ruwa na fitowa a ƙasan mota. Ya jiƙa mini takalmi."

"Ɗora ƙafarki kan kujera."

"Nan ne fa Baba ya zubar da ruwan nan rannan, yaron ya yi kuka."

Nu'uman ya juya tocilar ya haska fuskar Ɗantsoho.

"Wane ruwa?"

"Inji ne ya ɗau zafi." Ɗantsoho ya kau da kai. "Ranar Juma'a, irin wannan lokacin. Na kwance lagireto na tara ruwan a galan, yana tafasa. Na watsa gindin kukar."

"Ka yi bisimilla?"

"Sauri nake."

"Yaya Ɗantsoho, ruwan zafi, da magariba, a gindin kuka? Ko yarinyar da ke koyon girki a gidansu ta san ba a zubarwa sai an yi bisimilla an ce a kauce!"

"Na ɗauka kyanwa ce ta yi kukan."

Daga bayan kukar wani abu ya yi tari.

Tarin jariri.

Sai sautin tafiya a taɓo, caɓal, caɓal, alhali ƙasar wurin busasshiya ce har ta tsattsage.

Mace ce ta fito. Doguwa, kanta ya kusa taɓa reshen farko. Zaninta na ɗigar ruwa. Ta rungume wani abu a tsumma, tsumman na tururi. Hasken tocila ya bi ta jikinta ya sauka a kan kukar kamar ba kowa a tsakani.

Ɗantsoho ya ɗauki wilsifana, ƙarfen kwance taya, ya maka wa gilashin motar iya ƙarfinsa. Gilashin ya lotsa kamar fatar ruwa ya dawo daidai. Ya sake makawa. Ƙarfen ya suɓuce ya faɗi, shi ma ya zube a gwiwa.

"Baiwar Allah, ni na yi. Ki kama ni."

Matar ba ta buɗe baki ba. Maganar daga cikin inji ta fito, tana ɓulɓula.

"Kai za ka tsaya ka gani. Yadda na gani."

Gilasan motar sun fara yin gumi daga ciki. Ikilima ta tsaya a kan kujera ta goge da hannu.

"Kawu, ya fara zafi."

Wani abu ya taso wa Nu'uman daga ciki, ba tsoro ba ne. Ya ciro buroshi da ɗan kwalbar fetur daga jaka. Ya yi bisimilla da ƙarfi, yadda duk mai kunne a wurin zai ji, ya hau kankare haƙoran.

"Bar wurin nan, mai ƙarfe. Ba da kai nake ba."

"Da ni kike. 'Yar yayata ce."

Ya kankare, koren ya dawo. Ya kankare, ya dawo. Ruwan na tsattsafowa daga ramukan soket, yanzu ya wuce ɗumi.

"An ƙona mini ɗa."

"An zalunce ki, ban musa ba. Allah Ya ba shi lafiya." Bai ɗago kai ba. "Amma garin nan shari'a ake yi, kuma wanda Ya saukar da ita Shi Ya halicce mu da ku. Nuna mini inda aka ce a kama 'ya da laifin uba."



Sai ruwan ya tafasa.

Ya feso masa a yatsu. Buroshin ya faɗi cikin inji. Ya ji fatarsa na tashi.

A cikin mota Ikilima ta ƙwala ihu.

Nu'uman ya duba. Ruwan ba ko'ina yake fitowa ba. Ta bayan soket yake shigowa, inda damin wayoyi ya shiga roba, yana bin wayoyin kamar bututu. Ba zai iya busar da gaba ba muddin baya na buɗe.

Ya yaga bakin rigarsa da haƙori. Ya kai hannun dama ya damƙe damin wayoyin gaba ɗaya, ya matse.

Zafin ya tafi har ƙeyarsa.

Ruwan ya tsaya a tafinsa, yana neman hanya, yana cin nama.

Da hagu ya tsoma tsumman a fetur ya goge haƙoran. Wannan karon koren bai dawo ba.

Warin ya matso. Ɗigon zaninta na sauka a kafaɗarsa, kowane ɗigo kamar garwashi.

"Cire hannunka."

"Ba zan cire ba."

"Zai dahu."

"Ya dahu."

"Zan bar ka da dungu."

"Ki bar ni. Ita dai ba za ki samu ba."

Ya karanta Ayatul Kursiyyu, muryarsa na tsinkewa yana ɗaurawa. Ya hura haƙoran. Ya saita soket da hagu. Ya kuskure. Ya sake saitawa.

Ƙyas.

Fitilun gaban direba suka kawo.

"Ikilima, danna!"

Makullai suka yi tsalle.

"Yaya Ɗantsoho, tashi ka ɗauke ta! Tashi mana!"

Ɗantsoho ya fizgi ƙofa. Ruwa ya kwararo titi yana tururi. Ya suri yarinyar daga kan kujera ya yi wajen babur da gudu.

Nu'uman bai saki ba sai da ya ji babur ya tashi.

Da ya buɗe hannun, wani abu nasa ya zauna a jikin wayoyin.

Ya juyo. Fuskarta na dab da tasa. Ba ta kallonsa. Hannun take kallo. Tsumman da ke ƙirjinta ya motsa, wani ɗan hannu ya leƙo, fatarsa a saluɓe, irin tasa sak.

Bai tsaya ba. Ya bar jaka, ya bar tocila. Ya faɗa bayan babur, Ikilima a tsakiyarsu, Ɗantsoho ya murɗa.

A bayansu motar ta tashi da kanta. Ta yi ta ƙugi, ta yi ta ƙugi, sannan ta shaƙe kamar wanda ya nutse.

Ba wanda ya waiwaya har suka ga fitilun Daura.

Ikilima ba ta samu komai ba sai ɗan ja a dugadugai, a kwana kaɗan ya baje. Da aka je da rana ɗauko motar, an tarar da akwatin ƙwaƙwalwar ya ruɓe ya zama koren gari, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ma da ƙyar suka karɓi motar. Ɗantsoho ya yi sadaka, ya sa malamai suka yi addu'a, ya bar hanyar Zango ya koma ta Katsina. Zolaya kuwa ta ƙare tsakaninsa da ƙanin matarsa. In sun haɗu, shi ke fara gaisuwa.

Hannun Nu'uman ya warke a ƙudundune, yatsun ba sa miƙewa. A tsakiyar tafin akwai wuri ɗaya da ya ƙi rufewa, gefensa kore. Likita ya gwada, mai magani ya gwada. Barakatu ta yi kuka ta ce ya bar aikin nan ya kama shago, ya ce mata hagu ma hannu ne. Ya koya wa hagun riƙe sukundireba, ya koma gareji.

Da rana ciwon a bushe yake. Amma da an kusa kiran magariba sai ya fara tsattsafo da ruwa mai zafi, ɗigo-ɗigo, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa ana tambaya ko ya gaji.

A irin wannan lokacin Nu'uman kan ajiye aiki, ya leƙa gidan yayarsa ya ga Ikilima na alwala a tsakar gida. Sannan ya dunƙule hannun, ya matse, ya ce ƙasa-ƙasa:

"Ina nan. Ban cire ba."