Ruwan Zafi a Bayan Akurki

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuni na shekarar 2022, gari ya waye a unguwar Maamobi da yayyafi marar ƙarfi, irin wanda ba ya hana fita amma yakan sa bango ya yi gumi. Zuera ta lulluɓe kanta ta zaga bayan ɗaki wurin akurkin kajinta, ta tarar da abin da ta riƙa tararwa tun makon jiya: gashi a warwatse, ɗigon jini a kan katako, ɗan tsako ɗaya ya ragu.

Malamar firamare ce, ba ta taɓa kiwon ko tattabara ba. Mahaifiyarta ce daga Salaga ta aiko mata da uwar kaza da 'yan tsakinta a cikin kwando, ta hannun mijinta Osumanu, wanda yake tuƙa motar doya daga arewa. Zuera ta karɓi abin da muhimmanci, kamar yadda take karɓar komai. Ta sa an ƙera akurki mai ƙafafu, aka kewaye shi da ragar waya, aka sa masa sakata. Ta ma fara rubuta wa tsohuwar wasiƙar godiya, don kunnenta ya yi nauyi, waya ba ta da amfani a wurinta. Amma wasiƙar ta zauna a jaka. Zuera ba ta son ta aika da labari sai mai daɗi.

A safiyar nan ta ga ramin. Yana gindin katanga, a ƙarƙashin wani tsohon kututture da ya girmi gidan, bakinsa sumul kamar ana yawan shiga da fita. Ta ce a ranta gafiya ce. Ta tafi makaranta da abin a zuciyarta, ta dawo da shi.

Da yamma ta ɗora babbar tukunya a kan gawayi. Ruwan bai tafasa ba sai da rana ta faɗi. Hajiya Amama, tsohuwar da take da gidan, tana zaune a bakin ƙofarta da buta, ta bi tukunyar da kallo.

"Madam, magariba ta yi. Bar shi sai da safe."

"Kafin safe ta ci wani, Hajiya."

"To ki yi magana kafin ki zuba."

Zuera ta san maganar. Tun tana yarinya take jin mahaifiyarta tana yinta duk lokacin da za ta zubar da ruwan zafi: bisimilla, sannan wasu kalmomi na gargaɗi ga masu wuri su kauce da 'ya'yansu. A lokacin dariya abin yake ba ta. Yanzu kuwa ga iyayen ɗalibanta a tsakar gida, ba za a ji Madam tana hira da rami ba. Ban da haka, wa yake gargaɗin gafiya kafin ya ƙona ta? Ta sunkuya, bakinta a rufe, ta juye tukunyar duka a cikin ramin.

Abin da ya fito daga ramin ba kukan gafiya ba ne. Wani ɗan sauti ne, kamar na jariri idan ya ja numfashi kafin ya tsala kuka, sai dai kukan bai biyo baya ba. Kajin suka yi tsit. Masallatan unguwa suna ta kiran salla, wannan na karɓa daga wancan, amma a bayan ɗakin nan kamar an kife ƙwarya. Zuera ta ɗauki tukunyarta ta koma, ba ta waiwaya ba. Da ta wuce, Hajiya Amama ta ja jikanta ta shigar da shi ɗaki.

Bayan isha'i dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakinsu. Ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo, ya faɗi a ƙofa. Na biyu ya biyo shi. Maƙwabta suka fito da fitilun wayoyinsu, aka zagi yaran layin baya, aka leƙa kan katanga, ba kowa. Gida mai ɗakuna da yawa, amma ɗakin Zuera kaɗai ake jifa. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, ta yi sauri ta sake shi. A jiƙe yake, kuma da zafi, kamar yanzu aka tsamo shi daga tukunya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Osumanu yana kan hanya, ba ta so ta tayar masa da hankali yana riƙe da sitiyari.

'Yarta ɗaya, Shamima, mai shekara goma sha uku, ita ce take ba kajin abinci. Yarinya ce ta Maamobi, a nan aka haife ta, Hausarta ta zango ce, mai gauraye da Twi da Turanci, komai a wurinta namiji ne. "Mma, kaza ya ƙi ci," haka take cewa, uwar ta gyara har ta gaji. Washegari Shamima ta tashi tana riƙe da hannunta na hagu, ta ce yana mata zogi. Zuera ta duba, fata lafiya lau. Ta kai ta asibiti, aka duba, aka ba su maganin ciwon jiki. Da rana yarinyar ba ta da wani abu sai rashin magana. Amma da inuwa ta fara tsawo sai ta fara kallon bayan ɗaki.

Kowace magariba jifan yake dawowa. Tare da shi kuma akwai wani abu da ya fi shi nauyi: daga gindin katanga ake jin kamar ana rarrashin yaro, murya ƙasa-ƙasa, ba a gane kalmomin. Mata suka daina shanya a bayan ɗakin. Aka daina gaida Zuera da sakin fuska. Da safe kuma ɗan tsako yana ci gaba da raguwa.

Ranar Juma'a da yamma ta nemi Shamima ta rasa. Ta same ta zaune a ƙasa kusa da kututturen, ta naɗe ƙafafu irin zaman tsofaffi, hannuwanta a rungume da abin da ba a gani, tana jijjigawa.

"Shamima, tashi. Ƙasa a jiƙe take."

Yarinyar ta ɗago kai a hankali.

"Ke matar nan," ta ce. "Ke ce kika ƙona mini ɗiya. Ba ta ci miki ba, ba ta sha miki ba."

Ba muryar ce ta fara kashe wa Zuera jiki ba, duk da ta yi kauri. Hausar ce. Kowace kalma a mazauninta, mace a mace, irin Hausar tsofaffin fatake da ta ji tana ƙarama. Shekaru tana fama 'yarta ta ce "ta", yau ga shi ta faɗa, kuma Zuera ta san ba 'yarta ba ce take magana.

A daren ta kira Osumanu. Ya iso ranar Asabar da hantsi, ko wanka bai yi ba ya hau motar haya ta trotro zuwa unguwar Madina, ya dawo da Malam Iddrisu, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya. Malam bai zo da komai ba sai carbi. Ya saurari labarin daga bakin Zuera, ta faɗa masa duka ba ta rage ba. Ya tambaye ta abu ɗaya.

"Kin yi bisimilla?"

"Ban yi ba, Allah gafarta Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, a jira magariba.

Da aka idar da salla aka zaunar da Shamima a gabansa. Osumanu ya riƙe kafaɗunta. Malam ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Duhu ya sauko a kan kwanukan unguwa. Tun yarinyar tana sunkuye har ta fara mutsu-mutsu, har ƙaton mutum irin Osumanu ya fara haki wajen riƙe ta. Dutse ya faɗo a tsakiyar tabarmar, yana tururi. Malam bai ko dube shi ba.

"Ya isa," in ji muryar. "Kana ƙona ni a banza. Ni ma Musulma ce."

"In ke Musulma ce, me kike yi a jikin 'yar mutane?"

"Tambayi uwarta me ruwanta yake yi a jikin tawa. Muna nan tun wurin nan yana ciyawa. Aka yi gini a kanmu muka yi haƙuri. Ana zubar da ruwa kullum, amma ana faɗa mana, mu kauce. Wannan ta zo shiru kamar ɓarauniya."

"Ta yi kuskure. Yarinyar ba ta yi ba."

"Ɗiya da ɗiya. Hannun da ya ƙone, shi zan ɗauka. In tawa ba ta tashi ba, wannan ma ba za ta tashi ba."

Zuera ta zauna a ƙasa. Malam ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi wani nishi mai tsawo.

"To a yanka mini uwar kazar a bakin ramin, in tafi."

Osumanu ya yunƙura zai tashi ya kamo kazar. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Zauna, Osumanu. Ba a zubar da jini don wanin Allah. Ke kuma, in Musulma ce ke kamar yadda kika ce, kin san wannan." Ya juya ga yarinyar. "Faɗi abin da yake halal."

Daga can titi ana jin yaran mota suna kiran fasinja, kamar daga wata duniya.

"Ba ta barci," in ji muryar, kuma yanzu ta karye. "Tun ranar ba ta yi barci ba. Fatar hannun ta saluɓe."

Zuera ba ta san lokacin da ta buɗe baki ba. Ita da ba ta magana a gaban mutane sai a aji, ta ji kanta tana cewa, a gaban dukan 'yan gidan da suka taru a lungu:

"Baiwar Allah, ki yafe mini. Na san maganar, an koya mini, kunya ce ta hana ni faɗa. Ban san da yaro a wurin ba. Ni ma uwa ce."

Idanun Shamima suka tsaya a kanta. Ba idanun Shamima ba ne.

"Me kuke sa wa ƙuna, ku?"

Zuera ta fara tunanin magungunan da suke cikin akwatinta, sai Hajiya Amama ta amsa daga baya: "Ɗanyen ƙwai."

A safiyar ranar uwar kazar ta yi ƙwanta na farko a gidan. Zuera ta ɗauke shi ta adana a cikin kofi, da niyyar ta aika wa mahaifiyarta shi ta hannun Osumanu, shaida cewa kiwon ya kama. Ta dubi Malam.

"Magani ba yanka ba ne," ya ce. "Maƙwabci yana taimakon maƙwabci. Kawo. Amma wannan karon ki buɗe bakinki."

Ta kawo ƙwan. Ta durƙusa a bakin ramin, ta yi bisimilla da ƙarfi har na ƙofar gida ya ji, ta fasa shi a hankali, ta bar shi ya gangara ciki. Ta ajiye ɓawon a gefe.

Suka jira. Rarrashin da ake ji a gindin katanga ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Malam ya sa aljanar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta sake taɓa yarinyar ba, ita kuma ta sa sharaɗi kada a toshe ramin, kada a sake zuba zafi ba sanarwa. Aka amince. Har ta yi sallama, sai ta ƙara da cewa, da wata irin gajiya:

"Kajinki kuma, ba mu ba ne. Kin yi ta kallon ƙasa. Ɓarawonki ta sama yake zuwa."

Shamima ta yi atishawa, jikinta ya saki a hannun ubanta. Da ta buɗe ido ta dubi taron, ta dubi uwarta.

"Mma, me ya faru? Kaza ya shiga ɗaki?"

Zuera ta rungume ta. Ba ta gyara mata ba.

Da safe Osumanu ya hau kan akurkin. Tsakanin rufin da ragar waya akwai wata 'yar kafa da kafinta ya bari, a bakinta ga gashin muzuru ya maƙale a ƙusa. Ya toshe ta da sabuwar raga. Tun daga ranar ɗan tsako bai sake raguwa ba, dutse kuma bai sake faɗowa ba.

Abu ɗaya ne Zuera ba ta gaya wa kowa ba. Da ta buɗe ƙofa da asuba, ta tarar da ɓawon ƙwan a kan dokin ƙofarta, an wanke shi tas, an saka rabi cikin rabi, kamar yadda maƙwabciya take dawo da kwano.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta ta ciro wasiƙar nan daga jaka. Ba ta canja abin da ta rubuta a sama ba. A ƙasa ta ƙara cewa kaji sun ragu amma sauran suna lafiya, Shamima tana gaisuwa, ƙwan farko kuma ba zai iso ba, an yi wa maƙwabta magani da shi. Sannan ta rubuta: "Mma, ki sa ƙanena Razak ya rubuto mini maganar nan da kike yi kafin ki zubar da ruwan zafi, dukanta, yadda take. Rabi kawai na riƙe."

Ta liƙe ambulan, ta taka zuwa gidan waya, ta jefa ta a akwati. Ta yi sauri ta kamo hanyar gida, don rana ta fara yin ƙasa.