Farantin da Ba Shi da Suna

Gab da magariba Auta ta koma ɗakin bincike, wai za ta sauya wa ƙwayoyin fata ruwan abincinsu. Abin da ta gaya wa mai gadi ke nan. Gaskiyar magana kuwa, sata ce ta kawo ta.

Aikinsu a wurin shi ne renon ƙwayoyin da ke haifar da sabuwar fata. Sukan zuba su a ɗan farantin roba, su bar su cikin akwatin ɗumi har su mamaye gindinsa, sannan su ja tsaga ɗaya miƙaƙƙiya da tsinken roba, su zauna jiran ganin yadda raunin zai haɗe. Yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Shugabansu, Farfesa, mutum ne mai barkwanci, amma akwai dokar da ba ya wasa da ita: duk farantin da babu suna a murfinsa, babu takardar yardar mai fatar, kwandon ƙonawa za a jefa shi.

Wata guda da 'yan kwanaki ke nan da Auta ta tsinci irin wannan farantin a can ƙuryar akwatin. Babu wanda ya ce nasa ne. Maimakon ta jefar, karambani ya sa ta ja masa tsaga. Kafin ta gyara zama a kujera, tsagar ta rufe ruf. Tun daga ranar kullum sai ta tsaga shi a ɓoye. Sau talatin da uku.

Ga Inna, mahaifiyarta, gyambon ciwon suga ya cinye mata dunduniya, likitoci sun ce jibi za su yanke ƙafar. Auta ta san abin da take shirin yi bai halatta ba. Amma ta kasa jure tunanin ganin uwarta da ƙafa ɗaya.

Ɗakin ba kowa, sai ƙugin firji da warin sifirit. Ta sa safar hannu, ta buɗe akwatin. Ɗumi ya bugi fuskarta, tare da wani ƙarni da bai kamata ya kasance a wurin ba. Ƙarnin jini.

Ta ɗauko farantin.

Firji ya yi tsit.

Sai ta ji ɗis, ɗis, ɗis. Ta duba famfo, a bushe yake.

A kan kujerar Farfesa wata doguwar mace ce zaune, ta ba ta baya, sanye da farar rigar aiki irin tasu. Hannun rigar ya jiƙe. Daga gwiwar hannunta abin yake ɗiga.

"Ke ce mai tsinken?" Muryar kamar daga cikin kunnen Auta take fitowa.

Da ƙyar Auta ta ce, "Ban san yana da mai shi ba."

"Kin tambaya?"

Matar ba ta juyo ba. Ta naɗe hannun rigar a hankali, ta ɗaga dantsenta ga fitila. Tsage-tsage ne a jere, miƙaƙƙu, tazararsu daidai, duk ɗanyu. Auta ta gane aikin hannunta.

"Kowa kuna ba shi takarda ya sa hannu. Ni ce ban isa ba?"

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Uwata ce. Jibi za a yanke mata ƙafa."

"Da kin roƙa."

Ɗis. Ɗis.

"Ajiye, ki tafi lafiya. Ko ki ɗauka, ki ji abin da na ji."

Kujerar ta fara juyowa.

Auta ta ƙanƙame farantin a ƙirji ta zura da gudu.

Barandar ta ƙi ƙarewa. Fitilu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya a bayanta. Babu takun kowa sai nata, amma wani numfashi mai ɗumi na bin ƙeyarta.

Wani abu siriri ya ratsa tafin hannunta, a natse, ba gaggawa.

Ta bangaje ƙofar waje ta faɗi gaban mai gadi.

"Lafiya, Dakta?"

Ta dubi hannunta. Safar ba ta yage ba. Jini ne cike a cikinta.

A daren ta shimfiɗa ƙwayoyin farantin a kan gyambon Inna. Ranar aikin, da likitoci suka warware bandejin, sai suka yi ta kallon juna, suka ɗaga yankan. Kafin mako ya zagayo dunduniyar ta rufe sumul, ko tabo babu.

Ita kuwa Auta, duk magariba sai sabuwar tsaga ta buɗe a hannunta. Ta ƙirga har talatin da uku, sannan suka tsaya. Ko ɗaya ba ta rufe ba. Farfesa ya gwada duk abin da ya sani, daga ƙarshe ya ɗauke ta daga reno ya mayar da ita rubuta rahoto. Bai ƙara yi mata barkwanci ba.

Yanzu kowace safiya Inna ke takowa da ƙafarta har bakin gado, ta zauna tana naɗe mata hannu.

"Ikon Allah," takan ce. "Ke da kika warkar da ni, naki ya gagare ki? Wai garin yaya ma kika yanke haka, Auta?"

"Wurin aiki ne, Inna."

Auta ta miƙa mata hannun, idonta na kan dunduniyar.