Huhun Jar Akuyar Baba

"Don Allah Musbahu kada ka faɗa masa! Wallahi kana buɗe baki zai ce kada ka ƙara tako ƙofar gidan nan..."

Saude ce ke magana a soro, idanunta sun kaɗa sun yi jawur. Daga cikin gida kuwa tarin mahaifinta Malam Sammani ake ji, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Yau kwana tara ke nan.

"To sahibata, in zuba masa ido? Ke da bakinki kika ce zazzaɓin ba ya sauka, majina ta yi kauri, numfashi sama-sama. Wannan ya wuce mura."

"Na sani! Amma ai ka san Baba..."

Ya san shi kuwa. Kaf ƙauyen nan na gefen Kura babu wanda bai san taurin kan Malam Sammani ba. Shekara talatin yana shiga ruwan kanal, magudanar ban-ruwan gonaki, tun da sanyin safiya, don haka a wurinsa asibiti na ragwaye ne. Ga shi lokacin dashen shinkafa, ya rantse ba inda za shi sai an gama. Musbahu kuma, duk karatun likitan dabbobin da ya yi, "yaron awaki" yake ce masa. Wata biyar ana jiran ya ce masa ya turo magabatansa, shiru kake ji.

Saude na son Musbahu kamar ranta, amma tsoron rasa Baba ya fi komai cin zuciyarta.

Suna cikin haka sai ga muryar Inna daga turke.

"Malam! Jar akuyarka ta faɗi! Kawo wuƙa kafin ta mutu!"

Sati guda akuyar ta yi tana tari, hanci na zuba. Baba ya fito yana dafa bango, ya yi bismilla ya yanka ta, sannan ya zube a kan turmi yana haki. Musbahu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, kawo in feɗe maka."

"Ai sana'arka ce," in ji shi, ko kallonsa bai yi ba.

Musbahu ya naɗe hannun riga. Saude ta tsaya tana kallon yadda hannunsa ke tafiya a nitse, ba gaggawa, ba ƙyama. Da ya buɗe ƙirjin sai ya ɗago.

"Saude, kawo min ruwa a kwano."

Ta gane inda ya dosa, ta yi masa ido, ya kau da kai.

Ya yanko ɗan huhun daga sama, inda yake da haske da laushi, ya jefa a ruwan. Yankin ya tsaya a sama yana yawo.

"Baba ka ga wannan? Lafiyayye ne, iska ce a cikinsa."

Sai ya juyo da ƙasan huhun. Tabo-tabo ne jajaye sun yi duhu, wasu sun haɗe sun yi tauri kamar hanta. Ya matsa da yatsa, mugunya ta ɓullo daga 'yan ƙananan hanyoyin iska. Ya yanko nan ma ya jefa. Tsulum, ya nutse har ƙasan kwano.

"Da mura take farawa. Sai ƙwayoyin cuta su gangara ta hanyoyin numfashi, su cika gurbin iska da mugunya, nan kaɗan can kaɗan, har wuri ya ƙare. Da an yi mata allura da wuri, da yanzu tana cin harawarta. Kuma Baba... huhun mutum ma haka yake yi."

Inna ta dafe ƙirji.

"Kai yaro! Da ni kake?"

"Da kai nake, Baba." Musbahu bai sunkuyar da kai ba. "In ka ga dama ka hana ni Saude. Na fi son ka hana ni ita kana raye."

Hawaye ya ɓalle wa Saude. Ba ta taɓa ganin namijin da ya cika mata ido irin na yau ba.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasan kwanon. Can ya kai hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya ce a hankali,

"Nan nake jin nauyin... To shinkafar fa?"

"Ni zan shiga, Baba," in ji Musbahu.

Kafin azahar suna cikin adaidaita sahu zuwa asibitin Kura. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce nimoniya ce, cutar huhu, ta kama gefe biyu, kuma da an ƙara kwana biyu da labarin ya sha bamban. Kwana shida Baba ya yi a gado ana ƙara masa iska da allurai, Saude na gefensa. Kullum da yamma Musbahu zai shigo da taɓo har gwiwa, ya gaida Baba, ya ce mata a hankali, "Kin ci abinci kuwa, rabin raina?"

Ranar da aka sallame shi, Baba ya ce ba gida ba, gona tukuna. Ya tsaya a bakin kanal Saude na riƙe da shi, ya ƙare wa dashen kallo. Layukan sun karkace kamar tafiyar maciji.

"Musbahu, wannan aikinka ne?"

"Nawa ne, Baba..."

"Allah ya kyauta! Wanda ya yi wannan ɓarna ai ba a barinsa ya yi nisa, sai an zaunar da shi an koya masa." Ya yi ɗan tari, ya goge ido da bakin rawaninsa. "Ka ce wa iyayenka ina jiransu ranar Juma'a."

Saude ta kifa kanta a kafaɗar mahaifinta tana kuka tana dariya. A kunnenta tana jin numfashinsa yana shiga yana fita, babu abin da ya tare shi.