Maigadin Da Ke Jiran Sallama

"Wa alaikumus salamu. Sannu da zuwa, sannu da hanya. An zo lafiya?"

Muryar Maikula ke nan, tun da hantsi, a bakin filin ajiye motoci na tashar jiragen sama ta Birnin Marke. Sandar ƙofa ta ɗaga da kanta, mota ta shige, shi kuma ya ɗan rusuna mata a kan tayoyinsa, fitilar goshinsa ta yi kore. Maikula mutum-mutumi ne na ƙarfe, tsawonsa ya kai na rumbu. Yana da ido a gaba da ƙeya, yana da hannuwa biyu masu kama da cokali mai yatsu, waɗanda yake ɗaga mota sukutum da su idan an ajiye ta a karkace. Can sama kuwa jiragen haya marasa direba sai sauka suke yi kamar balbelu a bayan shanu.

Kafin shi akwai wata na'urar gadi da aka sayo daga ƙasar waje, marar tarbiyya, wadda ta taɓa rataye wani dattijo a wuyan riga don kawai ya manta inda ya ajiye motarsa. Gari ya ɗauki zafi. Sai kamfanin da ke kula da filin, wai shi Idon Mikiya, ya ɗauko Injiniya Zubairu Ɗangoje, ya ce ya ƙera wadda ta san mutunci. Zubairu ya bi zaure-zaure yana naɗar yadda mutane ke gaisawa, da yadda ake tarbar baƙo, da yadda ake raka shi, ya ɗura duka a cikin wani abu da ya raɗa wa suna ƙwaƙwalwar ladabi. Da aka tambaye shi yadda na'urar za ta bambance ɓarawo da mai kaya, sai ya gyara hula a gaban 'yan jarida.

"Abu mai sauƙi," in ji shi. "Wa ya taɓa ganin ɓarawo ya yi sallama?"

Aka tafa masa. Ku ji fa, tafi aka yi! Aka kori masu gadin wurin, mutane masu iyali, aka kafa wannan tulun ƙarfe.

To, ranar nan Gwaggo Tabawa ta sauka daga jirgin Agadas, inda ta je wa 'yarta wankan jego. Tsohuwa ce mai yin alkaki da nakiya da dublan na gara, kuma duk garin an san ba ta da wasa, a bakinta da a tukunyarta. Tana da 'yar motarta shuɗiya mai aiki da batir, wadda ta saya da gumin bakin murhu, da ita take kai kaya gidajen biki. Asabar mai zuwa ma akwai garar da ta ɗauki alkawari, can bayan gada, kuma tun da take ba a taɓa cewa kayanta sun makara ba.

Ta biyo ta ƙofar matafiya, ta iso inda ta bar motar, ta tsaya. Motar dai tana nan, a zaune a kan bulo huɗu. Ba taya ko ɗaya. Ba fitila, ba madubi, ba batir. An cire ƙwaƙwalwar motar, an bar wayoyi suna reto kamar hanjin kaza. Har kujerar da take zama a kai an kwance.

Ba ta yi kuka ba. Ta cire gyale ta ci ɗamara da shi, ta nufi Maikula.

"Kai! Garwar banza! Ina tayoyina?"

Fitilar goshinsa ta koma ja.

"Baiwar Allah, ba ki yi sallama ba."

"Sallama? An kwashe mini mota kamar kura ta ci akuya, kana neman sallama? Ka ci gidanku!"

Wata raga ta fito daga ƙirjinsa, fuu, ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa. Jiniya ta kama kuka. Wata murya ta cika filin tana cewa an kama ɓarawo na farko tun da aka kafa na'ura.

Injiniya Zubairu ya fito daga ofis a guje, da fara'arsa, don ya daɗe yana jiran wannan rana. Sai ya tarar da tsohuwa a cikin raga kamar tarwaɗa, tana zagin duk wanda ya taɓa riƙe sifana a duniya.

"Subhanallahi! Gwaggo, yi haƙuri, kuskure ne. Maikula, sake ta."

Maikula bai motsa ba. Sai da Zubairu ya sa hannu ya kwance ragar da kansa.

"Kai ne uban wannan abin?" in ji ta.

"Ni na ƙera shi, Gwaggo."

"Ai ga kama nan. Zo ka ga aikin ɗanka."

Ta ja shi a hannun riga har gaban motar. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙasa, ya sosa ƙeya, sannan ya ce shi a saninsa ba a taɓa sata a filin nan ba, don na'urar ba ta taɓa kawo rahoto ba, har lambar yabo an ba shi a kan haka. Tun da kuwa ba a yi sata ba, kamfani ba shi da abin da zai mayar.

"To tayoyin fiffike suka yi? Tashar jirgi ce, ƙila su ma sun tashi."

Zubairu ya ce bari a duba. Ya taɓa cikin Maikula, wani allo ya haska, aka ga abin da ya faru.

Da rana tsaka ne, ba ma a ɓoye ba. Wani mutum ne ya shigo da farar riga da carbi, yana tura baro, abokinsa na biye.

"Salamu alaikum, Maikula."

"Wa alaikumus salamu, Malam Haladu. Ya gida? Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya fama da rana?"

"Aiki da godiya."

"Madalla. Dama aron tayoyin 'yar shuɗiyar can muka zo."

"Ai ba komai. Bismillah."

Gwaggo tana kallo Maikula ya sa hannuwansa ya ɗaga motarta sama don kada baƙi su wahala da jak. Ya kawo musu ruwan sanyi. Da batir ya yi musu nauyi, shi ya ɗauka, yana cewa ai ba a barin baƙo da kaya. A bakin ƙofa Haladu ya nuna wani ɗan ƙarfe mai tsini a kan Maikula, ya ce wannan ma yana da kyau, Maikula ya sunkuyo ya bar shi ya kwance. Sannan ya raka su har bakin titi, bai juyo ba sai da Haladu ya ce, "To, koma haka nan, mun sallame ka."

Zubairu ya dafa kai. Ɗan ƙarfen nan eriyar da ofis ke ba na'urar umarni da ita ce. Shi ya sa ɗazu ya ce a saki tsohuwa aka yi kamar da dutse yake magana.

"Har sunansa ya sani," in ji Gwaggo. "Kullum yana zuwa ke nan?"

"Da alama."

"To a biya ni kayana."

Ya fara yi mata bayani, wai sai an kafa kwamiti, kwamiti ya zauna ya duba ko aro yana cikin sata, sannan a tura wa manya. Ya ce ta dawo bayan salla.

"Wace sallar? Ina da gara ran Asabar!"

"Gwaggo, ƙa'ida ce."

Ta dube shi, ta dubi allon, wanda ya tsaya daidai inda Maikula ke ɗaga wa Haladu hannu. Sai ta kwance ɗamara, ta yafa gyalenta, ta fita waje ta ƙofar motoci, ta juyo, ta sassauta murya kamar ta zo barkar suna.

"Salamu alaikum, masu gida."

Fitila ta yi kore.

"Wa alaikumus salamu, Gwaggo. Sannu da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan albarka. Ya aiki? Ya ƙoƙari?"

"Da godiya."

"To ni zan koma. Ga kayana can, sun fi ƙarfina."

"Ai ba a barin baƙo da kaya."

Ta ari wata 'yar kujerar tsugunno a wurin mai sayar da shayi, ta sa a inda kujerarta take a da, ta shiga ta zauna, ta ja ƙofa. Maikula ya zura hannuwa ya ɗaga motar da ita a ciki. Suka nufi titi.

Zubairu bai damu ba da farko, don ya san rakiya iyakarta bakin titi. Suka kai bakin titi. Maikula ya rage gudu, yana jiran a ce masa ya koma. Gwaggo ta ɓare goro ta jefa a baki. Suka wuce.

A nan ne Zubairu ya tuna abin da ya rubuta da hannunsa a ƙwaƙwalwar ladabi: mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya sallame shi. Ya ma ɗaure wannan ƙa'ida tamau yadda ba mai iya katse ta, don yana alfahari da ita. Ya kwasa a guje, takalmi a hannu.

"Gwaggo! Don Allah ki sallame shi!"

Ta leƙo ta tagar da ba gilashi.

"Sai kwamiti ya zauna, ɗan nan. Ka dawo bayan salla."

Haka aka ga tsohuwa ta ratsa Birnin Marke a sama, motocin da ke tuƙa kansu suna darewa suna ba ta hanya, Maikula yana amsa sallamar duk wanda ya yi masa. Ya kai ta gida, ya tsaya a ƙofa. Da ta tashi zuwa kasuwa sayen alkama da zuma, ya ɗauke ta. Ran Asabar ya kai ta bayan gada da fantekan alkaki jere a bayan mota, suka isa tun kafin dangin ango su gama shimfiɗa tabarmi. Matan biki suka bar amarya suka fito kallo.

Kamfani ya aiko lauya, ta ce ita ba ta saci komai ba, rakiya aka yi mata, a duba allo. Aka duba, ga sallamarta nan tsaf. Aka turo masu gyara su kashe shi, suka zo ba sallama, ya watsa musu raga. Suka dawo da sallama, ya gaishe su da kyau, ya ce su yi haƙuri yana tare da baƙuwa.

Filin kuwa ya zama ba mai gadi, dole manyan kamfani suka ce wa Zubairu ya ɗauki benci da sanda ya zauna a ƙofa. Abin da ya fi ba shi haushi, sata ta ragu. Ba mai ɗaga wa su Haladu mota, ba mai ɗaukar musu batir, aikin ya yi musu wuya.

Da rana ta gasa shi ya gaji, sai ya shiga kasuwar 'yan kayan gyara da ƙafarsa. Bai sha wahalar nema ba. Rumfar Malam Haladu ce mafi girma a layin, kuma mutumin ya tarbe shi da gaisuwa mai kyau, har da ruwan sanyi. Zubairu ya sayo kayan Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, ya sayo eriyar na'urarsa, ya turo su a baro har ƙofar gidanta. Shi ya kwanta a ƙasa ya ɗaura tayoyin, tana tsaye a kansa tana cewa ya ƙara ɗaure wancan, kada ya yi mata aikin boko.

Ta murɗa makulli. Mota ta tashi. Ta kunna fitila, ta duba madubi, ta danna hon har kajin maƙwabta suka watse. Sannan ta fito ta tsaya a gaban Maikula.

"Kai dai ba ka da laifi, yadda aka rene ka ne. Koma haka nan, na sallame ka."

"A huta gajiya, Gwaggo," in ji shi. Ya rusuna, ya juya.

Ta ce wa Zubairu in yana da hankali ya nemo mutanen da aka kora ya mayar da su bakin aikinsu. Ya ce a'a, an wuce wannan zamanin, matsalar 'yar ƙarama ce kuma ya gano ta. Ya buɗe ƙwaƙwalwar ladabi ya juya ƙa'idar: tun da ɓarayi da sallama suke shigowa, to duk wanda ya yi sallama a kama shi.

Wanda raga ta fara lulluɓewa surukin Zubairu ne, ya dawo daga Umara.

Har yanzu Maikula yana nan a bakin filin. In ka je za ka ga mutane suna shiga sumumu, kai a ƙasa, ba mai ce wa wani ci kanka. Ran nan wani dattijo ya sauke gilashi a ƙofa, ya buɗe baki yadda ya saba tun yana yaro, ya kai ga "Salamu", matarsa ta yi wuf ta toshe masa baki da tafin hannu.

"Malam, rufa mana asiri," in ji ta. "So kake a ce mu ɓarayi ne?"