Masu Jira a Tafkin Kantuna

Duba sandar awo kawai ya kai Injiniya wurin ginin a yammacin nan. Aikin minti biyar ne: ya tsaya a bakin tafki, ya ga inda ruwa ya kai a jikin sandar, ya rubuta a littafinsa, ya wuce gida. Washegari da safe masu duba gini za su zo, ya sa hannu a takarda, a buɗe sabon rukunin kantunan.

Tafkin shi ya zana abinsa. Fili ne da ƙasa ke shanye ruwan sama tun fil azal, aka zo aka lulluɓe shi da kwano da siminti da kwalta, to ruwa ina za shi? Shi ya sa ake haƙa irin wannan tafki a gangaren fili. Duk magudanun wurin su zubo cikinsa, ya riƙe ruwan, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta wani siririn bututu zuwa kwalbatin titi. Cikin kwana biyu ya kamata gindinsa ya bushe. Idan kuwa aka tafka ruwan da ya fi ƙarfinsa, akwai wani leɓe mai faɗi da aka rage wa tsawo a bangon yamma, inda rarar za ta malala waje maimakon ta fasa bango.

Bayan wannan leɓen akwai layin gidaje. Gida na uku na yayarsa ne, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Can take zaune da 'ya'yanta huɗu.

Kuma ya san da haka sarai. A zanensa na farko ba can rarar ruwan za ta nufa ba. Akwai wata tsohuwar ƙorama da ta ratsa filin ta gabas ta sauka fadama, sai ya bar mata babbar ƙofa a gindin tafkin, har an gina ta. Mai ginin ya zo zagaye ya ce a wannan gefen manyan motoci za su riƙa sauke kaya, shi ba zai sayi fili ya bar wa kwaɗi ba. Injiniya ya koma kan kwamfuta ya buga lissafi, lissafi ya ce ruwan da zai kai leɓen yamma sau ɗaya ake yinsa a shekara hamsin. Aka toshe babbar ƙofar da bulo layi biyu, aka cike ƙoramar da ƙasa, aka malala kankare a kai. Direban katafila, wanda kowa ke kira Dogo, sai da ya kashe injinsa ran nan ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, ruwa fa ba ya manta hanyarsa." Injiniya ya yi dariya ya ce ruwa bai je makaranta ba. Mai ilimi in zai yi wauta, har da hujja yake yinta.

Ranar Lahadi aka yi ruwa, ba wani na a-zo-a-gani ba. Litinin sanda ta nuna zane biyu. Talata, maimakon ya ragu, ta nuna uku. Ya ce shara ce ta toshe bututu, ya sa leburori suka duba, suka ce bututu fes yake. Yau Laraba, kuma tun Lahadin ko ɗigo bai sauko ba.

Ma'aikata duk sun tashi. Daga can bakin ƙofa yana jiyo Dogo yana wanke katafilarsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa. Injiniya ya tsuguna a bakin tafkin ya dubi sandar.

Zane bakwai. A na takwas leɓen yake.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sake dubawa. Bakwai ɗin dai. Ruwan baƙi wuluk, a kwance, ko iska ba ta motsa shi. Ba kwaɗo ɗaya mai kuka, ba sauro. Wani wari ke tasowa daga ciki, warin lakar tsohuwar rijiya gauraye da na murhun da aka kashe da ruwa.

Abin da ya kamata shi ne ya kira Dogo. Kunya ta hana shi, don bai manta dariyar da ya yi masa ba. Ya ɗauko tocila a mota, ya nufi ramin da ke gefen tafkin, inda ruwa ke bi kafin ya fita, ya ja murfin ƙarfen gefe. Ramin ɗan ɗaki ne na kankare, zurfinsa gaba biyu, da matakan ƙarfe a bango. A ƙasa akwai tagar da ruwan tafki ke shigowa ta ciki, siririn bututun yana hagu, bulon da ya toshe babbar ƙofa yana dama. Ya san kowane taku na wurin.

Ya sauka. Tun a mataki na uku sanyi ya ratsa shi har ƙashi.

Da lissafi ne ke aiki, da ramin nan cike yake maƙil, tunda tafkin ya kusa batsewa. Amma ruwan da ya tarar iyakarsa idon sawu. Ya haska tagar. Ruwan tafkin yana nan, ya cika ta daga ƙasa har sama, a tsaye cak kamar an tare shi da gilashi. Ya ƙi shigowa.

Sai ya ji tari. Tarin tsoho, daga cikin ruwan.

Wani jariri ya fara kuka, aka jijjiga shi ya yi shiru. Tukwane suka gogi juna, irin na kayan da aka ɗaure a ƙulli ɗaya. Sannan numfashi, na mutane masu yawa da suka daɗe a tsaye.

"Kai ne mai zanen?"

Muryar tsohuwa ce, a hankali, dab da kunnensa na dama. Ya juya tocila. Ba kowa sai bulo. Bulon kuwa duk sawun tafin hannu ne jiƙaƙƙu, manya da ƙanana, wasu can sama inda hannun mutum ba ya kaiwa.

Ya ja da baya.

"Ba faɗa ya kawo mu ba, ɗana," in ji muryar. "Wucewa muke. Duk shekara ta nan muke bi, tun kakan kakanka bai san kansa ba. Bana muka zo muka tarar da bango."

"Ga... ga bututu nan," ya ce da ƙyar. "Na bar hanya."

Wata 'yar dariya ta bi cikin ruwan, daga baki zuwa baki, har can ƙarshen tafkin.

"Wannan 'yar kafar? Muna da tsofaffi. Muna da kaya. Kwana uku muna tsaye, na baya kuma sai isowa suke."

Nan ya gane abin da sandarsa take ta aunawa tun Litinin.

"Amma mun gode," ta ce. "Mun ga ɗaya ƙofar da ka yi mana a sama, mai faɗin nan ta yamma. Na ƙarshenmu sun kusa. Da duhu ya rufa, ta can za mu bi."

"Akwai gidaje a can!"

"Mun gani. Mun je mun yi sallama. Na uku ne a tsakiyar hanya. Ɗakin da yara ke kwana."

"Don Allah, Kaka..."

"Kai ka zana, ɗana. Mu inda aka buɗe muke bi."

Tocila ta mutu.

Ruwan tagar ya saki. Ba ƙara, ba kumfa. Ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu.

Ya laluba bango, ya sami matakin ƙarfe, ya fara hawa. Jikuna masu sanyi suna gogarsa. Wani ƙullin kaya ya buge shi a haƙarƙari. Can sama, bakin ramin ya zama ɗan zagayen haske ja.

Saura mataki biyu, hannu ya kama ƙafarsa ta hagu.

Ba a ja shi ba. Riƙe shi kawai aka yi, yadda uwa ke riƙe yaron da bai gama jin magana ba.

"Zan buɗe!" ya yi ihu. "Wallahi zan buɗe ta gabas! Ku ba ni lokaci!"



"Kafin duhu," aka raɗa masa.

Ya fizgi ƙafarsa. Takalmin aikinsa ya zauna a hannun, shi kuma ya faɗo waje kan tsakuwa.

Bai san yadda ya kai bakin ƙofa ba. Dogo ya yar da bokitinsa da ya gan shi.

"Subhanallahi! Yallaɓai, lafiya?"

"Tayar da katafila. Fasa filin sauke kaya, daidai kan tsohuwar ƙorama."

"Kankaren da aka zuba makon jiya? Mai gini fa zai ci mu ɗanye."

"Ni zan amsa. Yayata ce, Dogo. Da 'ya'yanta."

Dogo ya dubi ƙafar da ba takalmi, ya dubi wani baƙin shatin hannu da ya zagaye idon sawun, yatsu biyar dogaye. Bai sake tambaya ba, kuma bai ce ai na faɗa maka ba. Ya haye injinsa.

Haƙoran katafila suka sauka kan kankare, kankare ya ƙi. Ai Injiniya da kansa ya tsaya aka zuba shi da kauri. Dogo ya ɗaga ya sake dokawa. Rana ta nutse, saura jan nan na gefen sama. Injiniya ya ruga wurin sanda.

Takwas. Wani siririn harshen ruwa ya haye leɓen, yana lasar bayan bangon. Daga can ƙasa yana jiyo muryar ƙaramar 'yar yayarsa, tana dariya a tsakar gida.

"Dogo! Doka!"

Kankare ya tsage. Dogo ya ɓamɓare shi falle-falle, ya kwashe ƙasar cikon, ya kai ga bayan bulo. Jan sama ya koma toka. Ya sa haƙori ɗaya ya ja. Layin farko ya zube. Na biyu bai jira shi ba, daga ciki aka turo shi.

Ruwan ya fito. Sauran ƙasar da aka cike ƙoramar da ita ta riƙa darewa a gabansa da kanta, har bakin fadama. Dogo ya kashe inji. A shirun nan suka ji abin da ke wucewa: takun ƙafafu a cikin laka, ƙarar tukwane, nishin tsofaffi. Sun daɗe suna wucewa. Can wajen ƙarshe wata murya ta ce, "Sannunku da aiki."

"Yauwa," in ji Dogo, kafin ya ankara. Sai ya toshe bakinsa da hannu biyu.

Masu duba gini sun zo da safe suka tarar da fili a farfashe, tafki kuma a bushe ƙayau, gindinsa har ya daddare. Mai gini ya zazzage wa Injiniya ta cikinsa a waya, ya kore shi daga aikin. Injiniya ya kashe wayar. Ya wuce gidan yayarsa yana ɗingishi.

"A'a, injiniyan ruwa, mai gudun wanka yana yaro," in ji ta. "Yau ka tuna da mu? Zauna, ina da ajiyarka."

Ta shiga ta fito riƙe da takalmin aiki na ƙafar hagu, ruwa na ɗiga daga cikinsa.

"Wata tsohuwa ce ta kawo jiya bayan magariba. Kwana uku tana zuwa, zaninta sharkaf, in ba ta wurin zama ta ƙi. Ita dai ta tsaya a ƙofar ɗakin yara tana kallon bango. Jiya ta ce in gaida ƙanina, wai ya cika alkawari, amma da ƙyar. A ina ka san ta?"

Ya tashi ya shiga ɗakin. Shimfiɗun yaran huɗu suna ƙasa a jere, ba a ma naɗe su ba. A jikin bango akwai layin danshi miƙaƙƙe da ya zagaye ɗakin kaf, kamar an ja shi da ma'auni. Ya tsaya a jikinsa. Daidai haɓarsa ya zo.

Ya sulale ƙasa ya fashe da kuka, irin wanda rabonsa da yi tun yana bayanta. Yayar ta rasa abin yi, ta dafa kansa tana cewa in don aikin ne, Allah zai kawo wani.

Ya kuwa kawo. Har yau Injiniya yana zana tafkuna, sai dai ba ya buɗe kwamfuta sai ya taka filin da ƙafa ana tsaka da ruwa, ya nemi mafi tsufa a unguwar ya tambaye shi ta ina ruwa ke bi kafin a zo da siminti. Masu gini da yawa sun ce ya cika taurin kai. Yayarsa ta sa an shafe ɗakin yara da fenti sau uku, amma duk shekara, da an yi ruwan farko, layin nan sai ya sake fitowa. Ita tana cewa maginin ne bai iya aiki ba. Shi kuma har yanzu bai sami bakin gaya mata wanda ya ja layin ba.