Takardar Gonar Iya Ɗela

Habsatu ta zazzage dosiye, wato jakar takardu, karo na biyar... babu! Wata ɗaya kacal da jami'a ta turo ta sitaj, wato koyon aikin shari'a, a wani ofishin taimakon talakawa da ke Magarya, ga shi takardar gonar Iya Ɗela ta ɓace a hannunta. Tsohuwar nan a amalanke ta zo daga Kwaya, kuma takardar ce kaɗai shaidarta a kan Alhaji Dogo mai neman cinye mata gona.

"Ke kika karɓa, ke kika sa hannu," in ji Madam Ruma'isa, shugabar ofis. "In ba ta fito ba zan sanar da jami'a, jandarma kuma su yi aikinsu."

Jandarma! Habsatu marainiya ce da ta tashi gidan baffanta cikin gori da wanke-wanke, ba ta da gata sai karatun nan. Ta dubi Sirajo, ɗan baffan nata da suke sitaj tare, ko zai cece ta... sai ya taɓe baki ya ce, "Madam, ko a gida an san halinta." Ran nan baffa ya watso mata kaya waje. Amma abin da ya fi ƙona ta kukan Iya Ɗela ne: "'Yar nan, da me zan ciyar da jikokina?"

Kwana shida ko babur ne ya tsaya sai ta ɗauka jandarma ne. Hawaye ya jiƙe sallayarta: "Ya Allah, Kai ne shaidata!"

Ranar sulhun rikicin gonar a fadar sarki, Habsatu ta zo ta raɓe a gefe. Shi kuwa Alhaji Dogo, da bai taɓa leƙa lakwal, wato makarantar boko, ba, a tunaninsa duk mai riƙe da takarda shi ke da gona. Ya zaro ta daga aljihu yana washe baki.

"Ranka ya daɗe, ga takarda a hannuna, magana ta ƙare!"

Madam ta karɓa ta karanta da ƙarfi: sunan marigayi mijin Ɗela ne, ga hatimin maigari.

"Alhaji, ina ka samo ta?"

"Wajen yaronku mana! Sirajo, ba rago guda na ba ka ba?"

Fada ta ɗauki salati! Jandarman da Habsatu ta kwana shida tana jin tsoro, Sirajo da Alhaji suka tasa a gaba. Madam ta rungume Habsatu tana neman gafara.

Iya Ɗela ta matso tana share hawaye da bakin zane, ta karɓi takardar daga hannun Madam, ta danƙa wa Habsatu.

"Yafe mini, 'yata... Ke za ki ajiye mini ita."