Keken Da Ya Iso A Makare

A goye ya shigo da mahaifinsa, gumi ya jiƙe masa wuyan riga, ga burbushin alli a gefen hannunsa. Kekunan asibitin duk an kwashe su a ranar, shi kuma ya kasa jira.

Likita ta ɗago daga gadon da take gyarawa. Ba likita ba ce, mai gashin ƙashi ce da motsa gaɓoɓi, amma marasa lafiya sun liƙa mata sunan har ya bi ta gida.

"Sannu da ƙoƙari. Sauke shi nan a hankali. Wane ɓarin ne ya shanye?"

"Na dama," ya ce yana haki. "Har da bakin. Yana ji, yana ganewa, maganar ce ba ta fita sosai."

Ta riƙe hannun tsohon tana murza yatsunsa, sai ta ji ana kallonta. Da ta waiwaya, saurayin ya yi sauri ya mayar da idonsa kan fankar sama kamar bai taɓa ganin fanka ba. Tsohon ya lura, ya yi dariya da rabin bakinsa.

Malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Mahaifinsa kuwa tsohon direban babbar mota ne, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanya, yanzu ciwo ya kulle shi a ɗaki ɗaya. Malam ya karɓi lambarta wai don tambaya a kan atisayen Baba, amma saƙonsa na uku ba atisaye a cikinsa.

"Likita, akwai wani majinyacin kuma. Tun da ya gan ki zuciyarsa ta daina bin lissafi. Ana gasa irin wannan?"

Ta amsa: "Ba sashenmu ba ne. Amma ya zo gobe in duba shi."

Haka abin ya ƙullu. Ya koma kiranta Likitar zuciyata, ita kuma Malamina. Abu ɗaya ne ba ya barin fuskarsa ta saki: ganin Baba a kwance yana kallon taga. Ya taɓa ba ta labarin keken guragu mai batir da ya yi oda ta intanet, daga wani ɗan ƙaramin shagon kayan asibiti. Ya jira har ya gaji, aka ce kayan sun ɓace a hanya, aka mayar masa da kuɗinsa. Kuɗin kuwa tuni magani ya cinye su.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga saƙonsa: "Zo gida yanzu, Likitar zuciyata. Zo ki ga abin mamaki."

Tun daga bakin ƙofa ta ji wata ƙara siririya. Baba ne a tsakar gida, zaune daram a kan sabon keke baƙi, yana juya ɗan sitiyarin da hannun hagu. Ya kewaye bokitin wanki, ya ja da baya, ya tsaya cak a gabanta kamar mai ajiye mota a tasha, sannan ya yi "fiiin" da baki. Hawaye suka zubo mata tana dariya.

"Jiya da rana wani ya ajiye shi a ƙofa ya tafi," in ji Malam. "Ko sa hannu bai nema ba."

Da ta shiga ɗaki ajiye jakarta, sai ta ga kwalin keken a naɗe a bayan ƙofa. An kankare takardar da ke jikinsa da wuƙa, har kwalin ya huje. Nan ta gane keken da aka ce ya ɓace ne.

"Malamina, ka sanar da masu shagon?"

Ya kawar da kai. "Ni ba sata na yi ba. Na biya, suka kasa kawowa, suka mayar mini. Yanzu kuma sun kawo. Kuskurensu ne."

"Kuskurensu ne, amma keken nasu ne."

"Leƙa ki kalli fuskarsa," ya ce. "Ki kalle shi, sannan ki ce mini in ɗaga shi daga kai."

Ta leƙa. Baba ya kai bakin titi, yana ɗaga wa maƙwabta hannu. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Abin ya tsaya mata a rai kamar tsakuwa a takalmi. Wata yamma suna wanke-wanke da Umma, mahaifiyarta, ta kasa riƙewa, ta ba ta labarin don neman shawara. Umma ba ta da ɓoyo tsakaninta da Abba. Shi kuwa Abba dama yana da nasa zaɓin, ɗan amininsa, manajan reshen wani kamfanin kai kaya, mutum mai sanyin murya wanda murmushinsa ba ya kaiwa ido.

Bayan 'yan kwanaki ta tashi daga aiki, ta tarar da motar Manaja a bakin asibiti, gilas a sauke.

"Ƙanwata, minti ɗaya."

Ta tsaya daga waje.

"Abba ya ba ni wani labari, sai na bincika. Ashe keken nan ta sitonmu ya bi. Kin san matar da ke kula da siton an dakatar da ita a kansa? Ana shirin miƙa maganar ga 'yan sanda." Ya gyara madubin motar a nitse. "Kowane keke yana da lamba a ƙarƙashin kujera. Yanzu ni kaɗai na san inda yake. Wallahi ba zan so in ga malamin makaranta da ankwa a gaban ɗalibansa ba."

"Me kake nufi?"

"Ba na nufin komai. Ke dai ki yi tunanin wanda ya dace da ke. Ina iya mantuwa, ina kuma iya tunawa."

Ya ɗaga gilas ya ja motar a hankali.

Kafin ta isa gida wayarta ta yi ƙara. Malam ne.

"Wani ya kira ni ya karanta mini lambar keken. Ke kaɗai na faɗa wa a duniyar nan. Ke kaɗai."

Ya katse wayar. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta: "Umma na faɗa wa, neman mafita nake. Ban san zai kai nan ba. Don Allah ka saurare ni, Malamina."

Saƙon ya shiga, ta ga alamar ya karanta, amma shiru.

A falo Abba ya yanke nasa hukuncin ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ba na ba da 'yata ga mutumin da ke riƙe abin da ba nasa ba. Yau keke ne, gobe amanarki ce. Kada in sake jin kin taka gidan."

Malam ya daina kawo Baba gashi. Wata maƙwabciyarsu da ke zuwa asibitin ta ce mata yanzu ba a fito da tsohon titi, labule a sauke yake wuni, kuma akwai wata mota da ke tsayawa a bakin layin, ba mai fitowa daga ciki. Likita ta san aikin Manaja ne. Manaja kuwa kullum da safe sai ya turo mata kalma biyu: "Ina jira."

Ta rame. Har ta fara tunanin ta amince masa kawai, a bar Malam da mutuncinsa, a bar Baba da kekensa. Amma matar siton ta ƙi fita daga ranta. Ta yi ta tambaya wajen masu babur ɗin kamfanin har aka kwatanta mata gidan.

Ɗaki ɗaya ne a bayan wani garejin kanikawa. Matar tana zaune a ƙofa tana guga, kayan wasu ne take yi don abin kaiwa baki. Likita ta ce mata ta ji labarinta ne, ta zo jaje.

"Aikin bai fi damuna ba, 'yar'uwa," in ji matar, ba ta daina gugar ba. "Babbar 'yata ce ta dawo daga makaranta ta tambaye ni, Mama, da gaske ke ɓarauniya ce? Duk motar da ta tsaya a nan sai in ce sun zo tafiya da ni."

Daga nan Likita ba ta koma gida ba. Ta nufi gidan da aka hana ta.

Malam ya buɗe ƙofa ya tsaya a bakinta, idanunsa sun faɗa.

"Kin zo ganin aikinki?"

"Na zo in faɗa maka wanda ke biyan kuɗin keken nan. Ba kamfani ba ne, ba shago ba ne. Wata uwa ce, an dakatar da ita, ana shirin kulle ta." Ta faɗa masa komai, har da sharaɗin Manaja. "Da tona maka asiri nake so, da na tsaya a nan ina kuka? Na kusa auren mutumin da na tsana don in rufa maka."

Ya dafe bango. "In na mayar, Baba ya koma kallon taga. In na kai kaina, wa zai yarda ba haɗa baki muka yi da ita ba?"

Sai suka ji wani abu ya faɗi tim a bayan labule.

Suka ruga. Baba ne a ƙasa. Da hannunsa mai lafiya ya zame kansa daga kujerar, yanzu yana tura keken da ƙafar hagu, yana nesanta shi da jikinsa. Ya ji duk abin da suka ce. Malam ya durƙusa zai mayar da shi, tsohon ya buge masa hannu. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, bakinsa ya yi ta kokawa da kalmar.

"Ma... yar."

"Baba..."

"Mayar!"

Malam ya kifa kansa a kan gwiwar mahaifinsa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Washegari ya kira mai shagon ya faɗa masa gaskiya, ya ɗauki hayar mota ya kai keken babban ofishin kamfanin da kansa, ya tsallake reshen Manaja. Kafin ya shiga ya turo mata: "Na yi miki mummunan zato, ki yafe mini. In ban fito ba, ki kula da Baba. Ina son ki, Likitar zuciyata."

Daga nan wayarsa ta mutu.

Ta wuni a gefen Baba tana motsa masa yatsu, kunnenta a kan titi. Motar nan tana bakin layi. Rana ta karkata, inuwa ta cinye tsakar gidan, ba labari. Sai can dab da faɗuwar rana motar ta tashi ta tafi, jim kaɗan aka turo ƙofa. Malam ne, a gajiye, hannu wofi.

An yi masa tambayoyi har muryarsa ta dushe. A ƙarshe bincike ya nuna kwalin ya maƙale ne a wata mota da ta lalace, wani sabon direba ya gan shi ya kai adireshin da ke jiki. Ya kuma nuna Manaja ya gano haka, ya yi shiru, ya bar matar a cikin zargi. An kira ta ta koma bakin aikinta. Manaja kuma yanzu shi ake tambaya. Mai shagon ya karɓi kekensa, ya ce ya yafe kwanakin da aka hau.

Likita ta zayyana wa Abba komai. Ya sa hularsa ya ce ta raka shi. Suka tarar da Baba a kwance a kan katifarsa ta da, fuskarsa a sake. Abba ya daɗe zaune kusa da shi, sannan ya juyo ga Malam.

"Ka yi kuskure, kuma ka daɗe a kansa."

"Haka ne, Abba."

"Amma wanda na zaɓa mata ya ga mace tana nutsewa ya naɗe hannu. Kai ka fito daga gidan wannan bawan Allah." Ya kama hannun Baba na hagu. "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin auren, Baba ya ƙi yarda a ɗauke shi. Watannin da Likita ta yi tana fama da ƙafarsa ba su tafi a banza ba. Da sandar ƙarfe ya shigo, yana jan ƙafar dama, jama'a suka buɗa masa hanya, ba wanda ya yi gaggawa. Matar siton tana cikin mata da 'ya'yanta, ita ta fi kowa ɗaga murya wajen addu'a.

Da yamma ango da amarya suka durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan ɗansa, sannan ya cije leɓe, ya ɗago na daman da ƙyar, yana rawa, ya sauke shi a kan amarya.

"Allah... ya yi... albarka."

Kowa ya ce amin. Malam ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Kin ji? Da hannun dama ya sa miki. Ni na hagu na samu."

Ta share hawayenta tana murmushi. "Ai ni na gasa shi, Malamina."